Ranar da Aka Auna Sawuna da Cokali

Assalamu alaikum, masu karatu. Waɗanda suka dame ni da tambaya wai ta yaya gwangwanin rairayi ɗaya ya kusa raba ni da mutumin da nake so, ku gyara zama. Waɗanda kuma yau suka fara cin karo da ni, sunana Zuwaira, ɗiyar Malam Rabo mai garka, wato lambu, a bakin kanal ɗin ban ruwa, a Birnin Konni. Abin ya faru a bazarar 1991, ina da shekara ashirin, na bar kwaleji, ina zaune gida da keken ɗinkina. Ku 'yan zamanin waya kada wanda ya ce mini me ya hana in tura masa saƙo. A lokacinmu saƙo a kaset yake zuwa, in babu kaset sai ido.

Sana'ar Baba renon itace ce. Yakan cika baƙar leda da ƙasa, ya shuka ƙwallon mangwaro ko 'ya'yan lemun tsami, in sun tasa masu garka su zo daga Tsarnawa har Alela su saya. Abin da yake zubawa a ledar rairayi ne, sai ɗan taki da yake barbaɗawa sama-sama. Rairayin nan amalanke ke juye masa shi a ƙofar gidanmu, kaji su baje, awaki su baje, har ya zama duk mai shiga da fita sai ya taka. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

A shekarar nan lemun Baba suka lalace. Sabon ganye sai ya fito rawaya fatau, jijiyoyin ne kawai kore. Baba ya ƙara ruwa, ya ƙara taki, ya sa aka yi addu'a, lemu dai na nan kamar mai ciwon shawara. Da ya rasa yadda zai yi sai ya tafi buro, wato ofishin ma'aikatan gandun daji, waɗanda muke ce wa ofore, ya dawo da Mushe Seyni, kamar a ce Malam Seyni da Faransanci.

Bazabarme ne daga Dosso, dogo, siriri, kakinsa a goge har yana iya yanka yatsa, ga biro biyu a aljihu, ga ɗan babur mobilet mai tari kafin ta tashi. Hausarsa ba laifi, sai dai kowa "kai" ne a bakinsa, namiji da mace. Ranar farko da na kai musu ruwa zaure, ina sanye da atamfata mai ruwan ganye da na ɗinka da kaina, ya ɗago ya ce, "Na gode, kai ka kyauta." Na so in yi dariya, amma da na ga ya manta da ruwan yana kallona sai dariyar ta koma ciki. Daga ranar lemun Baba suka samu likitan da ke duba su safe da yamma, har ranar Lahadi da buro ke rufe.

To ga inda matsalar take. A gidanmu akwai Gwaggo Shatu, ƙanwar Baba, wadda ta dawo wurinmu da zama tun rasuwar mijinta, kuma tana da ɗa, Rabilu. Rabilu yana jigilar siminti a babbar mota daga Malbaza. Ba zan yi masa ƙarya ba, mutumin kirki ne, mai kyauta, sai dai in ya zo zance daga sallama har bankwana labarin taya yake yi. Baba ya faɗa tun farko cewa ba zai zaɓa mini miji ba. Gwaggo kuwa ba ta bukatar a zaɓa, bakinta ya ishe ta aiki. In na yi kwalliya ta ce Rabilu ya dace da mai tsabta. In na ƙona tuwo ta ce Rabilu mai haƙuri ne. Ƙarshen sanyin shekarar Rabilu ya gina wa Baba babban kwamin tara ruwa na siminti a garka, basan kamar yadda muke cewa, kyauta, don a huta da ja daga rijiya kullum. Unguwa kaf aka je kallo, Gwaggo tana tsaye a gefensa kamar ita ta cuɗa simintin.

Wata rana Seyni ya miƙa mini kaset a ɓoye cikin ledar da aka naɗe da jarida. Na jira har Baba ya tafi garka, Gwaggo ta tafi suna, na ɗauko rediyon Baba na shige ɗaki na rage murya. Na sa kaset na danna. Ya yi sallama, ya yi gyaran murya sau uku, ya ce tun da ya gan ni ba ya barci sosai. Na rufe fuska da gyale ni kaɗai. Daga nan sai ya ce abin da ke hana shi barcin kashi biyu ne, ni da lemun Baba. Jama'a, fuskar kaset ɗin gaba ɗaya a kan ƙasa ta ƙare. Wai kowace ƙasa tana da ɗanɗano, wata ta karkata wajen tsami, wata wajen kanwa, kuma lemu ya fi son mai ɗan tsami-tsami. Wai ba inda ƙasa take a yau ne kawai abin dubawa ba, abin dubawa shi ne in an tura ta, da wuri take juyawa ko tana tsayawa. Na juya ɗaya fuskar da fatan zai dawo kaina. Ya dawo, a ƙarshe, ya ce in na yarda zai turo manyansa. Kafin ya rufe baki kaset ya ƙare.

Na saurari wannan ƙarshen har batirin Baba ya mutu. Ina son shi, wannan kam na sani tun ranar.

Ranar Talatar da ta biyo baya na dawo daga kai ɗinki, na sha lalle, ina sanye da takalmin roba mai maɗauri da ke cin ƙafa. Da na iso ƙofar gida sai na cire shi na riƙe a hannu, na taka rairayin nan da ƙafa na shige. Seyni yana zaure yana jiran Baba. Ina shiga ya fito da gwangwanin tumatir, ya duƙa, ya kwashi rairayi daga ƙofar, ya rufe da takarda ya sa a jaka. Shi dai samfur yake ɗiba na abin da Baba ke zubawa a leda. Bai duba ƙasa ba ballantana ya ga cewa daidai inda na taka ya kwasa, yatsu biyar da dunduniya. Gwaggo kuwa tana leƙe ta kafar katanga.

Kun san dai abin da ake cewa a kan wanda ya ɗebi sawun mutum. Kafin la'asar labari ya kai bakin kasuwa. Kafin magariba an ce ba sawu ɗaya ya ɗiba ba, biyu ne, har da gashin kaina.

"Yaya, da idona nig gane shi," in ji Gwaggo a gaban Baba. "Yarinyar ga ta taka, ta wuce, shi kau ya duƙa ya kwashe. Mi aka yi da sawun ɗiya mace in ba asiri ba? Dibi yadda taka kallon bango tana murmushi. An gama da ita."

Baba ba mai yawan magana ba ne. Ya ajiye carbi ya ce shi bai kira kowa boka ba, amma mutumin da aka ce ya ɗebi sawun ɗiyarsa ba zai sake tsayawa a ƙofarsa ba sai ya zo ya faɗi abin da ya yi da shi. Ya sa ranar Juma'a bayan an sauko. In bayanin bai shiga kunnensa ba, Seyni ya nemi wata hanyar bi da mobilet ɗinsa.

Zan gaya muku wani abu, kada ku yi mini dariya. Da na ji zancen asirin nan, can ƙasan zuciyata wani daɗi na ji. Ashe mutumin da ya cika kaset da labarin ƙasa ya damu da ni har ya nemi taimako? Na yini ina duba kaina ko zan ji alamar an juya ni. Ban ji komai ba sai abin da nake ji tun da.

Kwanakin da suka rage kafin Juma'a, Gwaggo ta ɗauki aikin tsaro. Duk inda na sa ƙafa tana biye da tsintsiya tana share sawun. In na je makwabta aron turmi, tana baya, shar, shar. In na je islamiyya, tana baya. Yaran unguwa suka fara bin mu a jere. Ranar da na je kasuwa sayen zare, wata mai tallan fura ta tambaye ni ko sarauta aka ba ni. Ban taɓa jin kunya irin ta makon nan ba, amma ƙofar gidanmu ba ta taɓa yin tsabta haka ba.

Ba ta tsaya nan ba. Seyni ya bar wani ɗan akwatin ƙarfe a zauren Baba, a ciki akwai siraran takardu masu ruwan ɗorawa, waɗanda yake tsomawa a ruwan ƙasa su canza launi su nuna masa tsami ko kanwa. Gwaggo ta buɗe, ta ɗaga ɗaya a rana, ta juya, ba ta ga rubutu ba. Ta ce layar da ba a ganin rubutunta ita ce ta fi mugunta. Ta juye su duka a murhu, a ƙarƙashin tukunyar tuwo.

Mutum ɗaya ce a gidan ba ta ce uffan ba, Kaka Kyauta, mahaifiyar Baba da Gwaggo. Bagobira ce, da zanenta a kumatu, kuma kun san Bagobiri da Bazabarme abokan wasa ne, duk abin da ɗaya ya gaya wa ɗaya ba a fushi. Tun zuwan Seyni take kiran sa ɗan kopto, wai su Zabarmawa in an hana su kwaɗon zogale sai su kwanta ciwo. Ita ce ta ce ba a zaure za a yi zaman ba, a tsakar gida za a yi, ƙarƙashin dalbejiya, domin ƙafafunta ba sa kai ta zaure kuma ba za a yi shari'ar Bazabarme babu ita ba.

Juma'a ta zo. Seyni ya shigo da farar riga, ya cire takalmi tun daga nesa, ya durƙusa ya gaishe su ɗaya bayan ɗaya. Ni ina bakin madafa, bayan asabari, na sa atamfar nan mai ruwan ganye duk da na san ba wanda zai gan ni. Baba ya gaya masa abin da ake zargi. Na ga kunnensa ya motsa. Ya rantse bai san akwai sawu a wurin ba, ya ce a ba shi akwatinsa zai nuna musu abin da ya yi da rairayin. Aka kawo akwati, ya buɗe, wayam.

Gwaggo ta ce ita ta ƙona su, kuma in an sake kawowa za ta sake ƙonawa.

Na ɗauka zai yi faɗa. Takardun nan daga Yamai ake aiko su, kuma sai an yi ta jira. Ya kalli akwatin, ya rufe shi a hankali, ya ajiye. Hawaye suka fara taruwa mini. Sai ya ɗago ya tambayi Kaka ko akwai soɓorodo a gidan, jiƙaƙƙe, wanda ba a sa wa sukari ba. Ya ce yana son kanwa narkakkiya a ruwa, da cokalin shayi, da kofunan gilashi uku.

"Kai, ɗan kopto," in ji Kaka, "shari'a muka yi ko walima?"

Ni aka aika. Na kawo a faranti, na ajiye ban kalle shi ba, na koma bayan asabari.

Ya fito da ƙulli uku daga jaka. Na farko rairayin ƙofar nan ne zalla, daga gwangwanin da ya jawo masa bala'i. Na biyu haɗin Baba ne, rairayi da barbaɗin taki. Na uku nasa haɗin ne da ya daɗe yana gwadawa: rairayi, da takin da ya ruɓe sosai har ya daina wari, da ƙasar shuri dakakkiya, da ruɓaɓɓen ƙaiƙayin gero. Ya auna kowanne daidai wa daida ya zuba a kofinsa, ya cika su da soɓorodo, ya motsa, ya jira suka kwanta. Ruwan da ke sama a kofuna ukun ja ne, na ukun ya ɗan fi duhu. Ya ce jan nan yana nuna tsami na nan. Yanzu zai riƙa zuba ruwan kanwa cokali-cokali, ya motsa, ya jira, a ga wace ƙasa ce za ta fara sakin jan. Ya roƙi Kaka ta riƙa ƙirga cokulan, tun da ba wanda zai ce ita ma yana biyan ta.

Cokali ɗaya a kofin farko, ya motsa. Kafin ya cire cokalin ruwan ya rikiɗe, ja ya tafi, ya koma wani baƙi-baƙi mai kore.

Gwaggo ta ja da baya tana a'uziyya.

Kofi na biyu ya jure na farko, ya jure na biyu, a na uku ya bi ɗan'uwansa. Baba ya matso da buzunsa. Sai kofi na uku. Seyni ya zuba, ya motsa, ruwan ya yi kamar zai juya, da ya kwanta sai jan ya dawo. Ya sake, haka. Kaka tana ƙirga da ƙarfi, tana buga sanda a ƙasa. Ta wuce biyar, ta wuce takwas, ta fara hamma, ta ce wannan ƙasa taurin kai gare ta irin na Gobirawa. Sai da aka wuce goma sannan jan ya sallama, shi ma a hankali. Seyni ya ce in da tsamiya aka tura su maimakon kanwa haka za a gani, rairayi ya fara gudu, haɗin ya tsaya. Ya ce abin da ya ɗebi rairayin dominsa ke nan, ba wani abu ba.

"To, kun gani," in ji Gwaggo. "Gaban idonku ya mai da ja baƙi. In wanga ba boka na ba, wa a boka?"

Kaka ta yafito ni. Ta sa na kawo wani kofin soɓorodo, ta karɓi cokali da hannunta, ta zuba kanwa. Ya yi baƙi nan take. Ta ce to ga boka ta biyu, a haɗa su a kora. Ta tambayi Gwaggo sau nawa ta cika wa miyar yakuwa kanwa ta fito kamar ruwan kwata, wa ya taɓa kai ta gaban alƙali. Baba ya sa hannu ya rufe baki yana tari.

Sai Kaka ta nuna kofunan da sanda. "Wane na sawun jikata ciki?"

Seyni ya nuna na farko, kansa a ƙasa.

"Wanda yaj juya da cokali guda? To ita ta. Ba ka yi kuskuren sawu ba."

Aka yi dariya har Gwaggo sai da ta juya fuska. Ni kuwa a bayan asabari na cika na yi fam. Gaskiya ne ina da saurin fushi, gidan kowa ya sani, amma a gaban baƙo? Kuma ga wani haushin a kai, ashe babu asirin komai, mutumin nan ƙasa kawai ya gani a inda na taka.

Baba ne ya katse dariyar. Ya ce ya gane, rairayinsa ba ya riƙe komai, duk abin da ya zo masa sai ya bi. Amma shi bai taɓa zuba wa lemu kanwa ba, daga ina take zuwa? Seyni ya ce daga ruwan ban ruwa. Baba ya ce rijiyar nan da ita mahaifinsa ya yi garka, ba ta taɓa ɓata shuka ba. Seyni ya kalli yatsun ƙafarsa. Baba ya maimaita tambayar. Seyni ya hau goge cokali. A lokacin ne na gane ya san amsar tun tuni, tun kafin kaset, ya yi ta yawo da gwangwani yana neman ƙasar da za ta gyara lemun ba tare da ya faɗi wannan amsar ba.

"Hwaɗi," in ji Kaka. "Ni nis sa ka."

Ya ce basan ne. Ya yi sauri ya ƙara da cewa kowane sabon siminti haka yake, in ruwa ya kwana a ciki yakan ɗauko wani kaifi irin na kanwa, kuma da daɗewa abin zai wuce da kansa. Ya ce wanda ya gina basan ɗin aikin alheri ya yi, ginin kuma mai kyau ne, shi kansa bai ga mai kyansa ba a garkunan kanal. Ya ce laifin na rairayi ne da ba ya jurewa.

Masu karatu, ga mutum an kira shi boka, an ƙona masa kayan aiki, an ba shi sanda a hannu ya rama a kan abokin takararsa, ya ajiye sandar. Fushin da nake yi ya bi iska. Na jingina da bango ina kuka marar sauti, ina goge hanci da gefen atamfar da na ɓata yini ina gogewa.

Gwaggo ta gyara gyale. Ta tashi ta shige ɗakinta, ta saki labule.

Baba ya bi labulen nan da kallo. Ƙanwarsa ce, kuma Rabilu ɗansa ne. Da ya buɗe baki sai ya ce zancen sawu ya mutu. Amma basan kyautar ɗansa ce, ba zai fasa ba, ba kuma zai daina ban ruwa da ita ba. Tun da Mushe ya ce haɗinsa na jurewa, to a sauya wa lemun ƙasa, a ci gaba da ba su ruwan basan ɗin nan. In sabon ganye ya fito kore, manyansa su taso daga Dosso da goronsu. In ya fito rawaya, an gode da wahala.

Seyni ya ce ya yarda. Ya ce kaifin ruwan basan kaɗan ne, haɗin zai ɗauke shi. Amma ya tuna wa Baba cewa kofi na uku ma daga ƙarshe ya juya, babu ƙasar da ba ta da iyaka. Ni a raina na ce wa ya tambaye ka wannan.

Washegari aka tara kayan haɗi a garka, tuli guda, aka yayyafa masa ruwa. Da hantsi na ɗauki furarsu na tafi kai musu, Gwaggo tana biye da tsintsiyarta, domin ita a wurinta zancen bai mutu ba. Na tarar Baba yana jera leda, Seyni ya naɗe hannun riga yana juya tulin da shebur. Na ajiye ƙwarya. Maganar Kaka ta cokali guda tana ci na tun jiya. Na cire takalmi, na ɗan ɗage zane, na hau tulin nan da ƙafafuna masu lalle. Na taka daga wannan gefe zuwa wancan, na juyo na sake takawa, ban bar tafin hannu ɗaya ba.

Baba ya ga wani abu mai muhimmanci a can bakin kanal ya tsaya kallo. Gwaggo ta ɗaga tsintsiya, ta duba tulin, ta rasa ta inda za ta fara.

Na sauko na ce, "Mushe, wanga karon da sanina. Ɗiba."

Ya kalli sawun, ya kalle ni. Sai ya rage murya ya ce takawa na danne ƙasa, saiwa kuma tana bukatar iska, dole ya sake sassauta ta. Na ce na shiga uku da wannan mutum. Ya ce amma da hannu zai yi, ba da shebur ba. Kuma da hannun ya yi, leda bayan leda, har rana ta take.

Daga ranar gidanmu ya koma gidan jira. Baba in ya dawo garka ba na tambaya, fuskarsa nake karantawa. Ya ce lemun sun kama, sun fara kumburin toho, amma ganye bai buɗe ba ballantana a san launinsa. Gwaggo ta daina bi na. Ta koma fara'a, har tana taya ni tsinke zare, ni kuma na ɗauka ta haƙura.

Ranar da Baba ya yi sammakon kai mangwaro Tsarnawa, na ɗora wake a wuta, na miƙa hannu cikin ƙwaryar da muke ajiye kanwa. Babu. Ba gutsure aka yi ba, dunƙulen gaba ɗaya, wanda ya kai kan jariri, wanda ke kai mu wata da watanni. Na duba bayan randa, na duba ƙarƙashin turmi. Na leƙa ɗakin Gwaggo, ba kowa, tsintsiyarta na jingine a bakin ƙofa.

Na tambayi Kaka. Ta ce Shatu ta fita tun ɗazu da ƙulli a gyale, wai tausayin yayanta take ji, yau ita za ta yi masa ban ruwa.

Kofi na uku ya faɗo mini a rai, da muryar Kaka tana ƙirga, da yadda jan nan ya sallama a ƙarshe. Na bar wake a wuta, na fizgi gyale, ban tsaya neman takalmi ba. A ƙofar gida, a kan rairayin nan, ga sawun Gwaggo ɓaro-ɓaro ya miƙe hanyar kanal, ita babu wanda ya share mata nata. Na bi shi da gudu.